Baba ya sake fita neman mutane a daji: in hana shi ko in ƙyale shi?

Rakiya, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, amma yau abin ya ci mini tuwo a ƙwarya. Mahaifina tsohon soja ne, shekararsa 62. Ya shiga soja a 1983 zamanin Seyni Kountché, ya yi horo a barikin soja na Tondibiya kusa da Yamai, ya yi aiki a arewacin Nijar lokacin tawaye, ya je Kwaddibuwa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya aje kaki yana sarjan. Yanzu yana fama da hawan jini, gwiwarsa ta hagu kuma ko sallah a zaune yake yin rabinta.

Daren Talata wajen ƙarfe biyu aka kira shi daga garin su kakata, can kudu da Madarunfa dab da iyaka. An shiga garin da bindigogi, an kashe mutane, an cinna wa rumbuna wuta, an kore dabbobi, jama'a sun watse cikin daji. Ina ji daga ɗakina yana jawo buhun nan nasa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai tocila biyu, igiyar guga, almakashi, da tsofaffin zannuwan Inna da ya yayyaga ya naɗe ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaura takalminsa na soja, ya tada ɗan kabu-kabun unguwarmu Ali Ɗan Sofo nan Maradi. Inna ta riƙe masa riga a zaure tana kuka, ya cire hannunta a hankali ya fita.

Sai Alhamis da la'asar ya dawo. Bai ce wa kowa uffan ba. Ya yi wanka ya zauna gindin dogon yaro, tun ranar nan bai sa nama a bakinsa ba. Kuma ba wannan ne karon farko ba, ya je Ɗan Isa da ramin zinariya ya rufta, ya shiga ruwa lokacin ambaliyar 2024. Yayyena sun ce a ɓoye masa takalmin da wayar, kuma ni suke so in yi masa magana tunda ni ce ƴar lelensa. Don Allah me zan ce masa?

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, yayyenki suna da gaskiya. Mutum ya ba ƙasa ƙuruciyarsa, sauran kwanansa na iyalinsa ne. Akwai sojoji masu albashi, akwai jandarma, akwai pompiye masu kashe gobara. In wani abu ya same shi a dajin nan, wa zai riƙe mahaifiyarku? Mu da za mu zo gaisuwa kwana uku mu watse? A lallashe shi ya zauna gida.

Hajiya Zali:
Allah shi yi mishi albarka. Ni dai ban ga laihinai ba. Garin uwayenshi na hwa.

Ibro, mai aikin kashe gobara:
Tanti Rakiya, sannu da haƙuri. Ni aikina ke nan, bari in faɗi abin da ke damuna ba tare da na raina Baba ba. Fita ƙarfe biyu na dare zuwa inda aka gama harbi kuskure ne, ko wane ne ya yi shi. Ba ka san ko sun tafi ba. Ba ka san ko sun bar wasu a bakin hanya suna jiran masu kawo ɗauki ba. Sannan jami'an tsaro da ke tahowa, in suka hango fitilar babur cikin dare a wannan wuri, me za su ɗauka? Abu na farko da ake koya mana shi ne mai ceto kada ya zama wanda za a ceta, don in ya faɗi ya raba hankalin mutane biyu.

Ga kuma maganar nakiya. A wajenmu ba ta yi yawa ba, amma a Tilaberi da Difa ta ci mutane a kan hanya. Ku tuna ranar 21 ga Fabrairu 2021, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ma'aikatan zaɓe bakwai motarsu ta taka ta a jihar Tilaberi. Abin da ake yi can yana iya zuwa nan. Lamba 18 ta masu kashe gobara kyauta ce, a kira, a jira.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
To kun ji daga bakin mai aikin.

Sa'adu:
Ku yi mini haƙuri, ni ɗan garin ne, kuma da idona na ga abin da ya faru. Ban san ɗiyarshi na cikin wanga zaure ba sai yanzu.

Malam Ibro, Baba Sarjan bai shigo gari da dare ba. Ya tsaya garin da ke gabanmu, ya sa anka kashe babur, ya zamna masallaci har anka yi asuba, sai da ya ji jami'ai sun iso sannan ya taka da ƙahwa. Da ya shigo, kowa gudu yake ba kai ba gindi. Wasu na zuba ruwa ga rumbun da ya riga ya ƙone, samari sun ɗauko adduna da bindigogin toka za su bi sawu. Shi ya tare su bakin gari. Ya ce da su wanda anka kashe ya tahi, shanu sun tahi, amma akwai masu rai kwance cikin dawa suna jiranku.

Abin da ya fara yi ban taɓa ganin an yi ba. Ya zaunar da mai gari, ya amshi littahin wani ɗan lakwal, ya ce a bi gida gida a hwaɗi sunan kowa. Wanga na nan, wanga ya rasu, wanga an gani sun tahi da shi, wanga ba a sani ba. Da anka gama, waɗanda ba a san inda suke ba mutum goma sha ɗaya ne, bakwai yara. Kahin nan kowa cewa yake an ɓata da yawa, ba mai iya ce maka nawa.

Sai ya jera mu layi bakin gona, tsakanin mutum da mutum kamar taki biyar, ya ce kada wanda ya wuce ɗan uwanshi, kada wanda ya ɗaga wani abu da bai sani ba, in ka ga abu ka tsaya ka ɗaga hannu. Munka shiga dawa muna kiran sunaye. Shiru. Munka yi gona ukku ba ko tari. Sai ya tsaida mu ya ce mu maza mu rufe bakinmu. Yaron da ya ga maza da bindiga cikin dare, in ya ji muryar namiji ƙara laɓewa zai yi. Ya sa anka kira uwaye mata, kowace ta shiga layi tana kiran ɗanta da sunan da take kiranshi a gida. Wallahi ba mu yi taki ɗari ba wata yarinya ƴar shekara shida ta hito daga ƙarƙashin tarin kara, goye da ƙanenta. Inda munka wuce ɗazu ne, mun bi ta gabanta tana jinmu.

Ɗiyar yayana ce.

Rakiya, Ali Ɗan Sofo:
Innalillahi. Malam Sa'adu, wallahi bai gaya mana ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ina karantawa hannuna na rawa. Sauran fa?

Sa'adu:
An samu tara da rai. Wata tsohuwa munka iske ta cika gindin kalgo, ba harbi jikinta, gudu ne da tsoro. Yaro guda ɗan shekara huɗu har yau ba mu gan shi ba. Baba Sarjan ya sa an zura tocila cikin rijiyoyi huɗu na lambu. Shi ya sa ya ƙara kwana.

Ibro, mai aikin kashe gobara:
To na janye rabin maganata. In ya jira gari ya waye kuma ya bari jami'ai suka riga shi shiga, ya yi daidai. Ƙidayar nan da ya fara da ita, ita ce ginshiƙin aikin, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Amma rabin da ya rage ina nan a kansa: tafiyar da ya yi daga Maradi zuwa can cikin dare bisa babur, babu wanda ya san hanyar da ya bi. Wannan kasada ce.

Mutari, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:
Abin da Malam Sa'adu ya faɗa game da tsohuwar nan ya tuna mini da Tumur, can jihar Difa. Daren 12 ga Disamba 2020 Boko Haram suka shiga, aƙalla mutum 27 suka rasu, aka ƙone kasuwa da ɗaruruwan gidaje. Ba duka ne harsashi ya kashe ba, wasu wuta ce, wasu ruwa suka faɗa garin gudu. Ke nan bayan an daina jin ƙarar bindiga mutuwa ba ta tsaya ba, tana bin waɗanda suka gudu. Sojan da ya iso, hankalinsa na kan tsare gari da bin maharan, kuma aikinsa ke nan. Wa zai shiga gona neman yaro?

Sannan hana samarin nan bin sawu da ya yi, ni a ganina ya fi komai. A Banibangu ranar 2 ga Nuwamba 2021 ƴan sintirin gari suka fita bisa babura tare da magajin garinsu, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi magajin garin.

Lawali:
Ni tambayata daban ce. Me ya sa har yanzu muke ce musu ƴan bindiga ko ɓarayin shanu? Wanda ya ƙone rumbun talaka cikin kaka, me ya raba shi da ɗan ta'adda?

Mutari:
Masana suna bambanta su ne ta wajen manufa, waɗancan suna da'awar aƙida, waɗannan kuɗin fansa da dabbobi suke nema. Amma tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maradi saboda su, har aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Je ka tambaye su suna.

Hajiya Zali:
Ku bar gardamar suna, yarinya na neman shawara.

Malam Laminu, Limanci:
Bismillah. Rakiya, Allah ya saka miki da alheri da kika nemi shawara kafin ki yi wa mahaifinki magana. Ɓangarorin biyu kowa yana da abin riƙewa. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 32, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ya kuma ce a Baƙara aya ta 195 kada mu jefa kanmu cikin halaka. Ceton wanda ke cikin haɗari, da wankan mamaci da yi masa sallah da binne shi, farilla ce ta kifaya: in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Kuma tana ƙara nauyi a kan wanda ya iya. Mahaifinki ya iya abin da mu ba mu iya ba.

Batun ɓoye masa takalmi da waya kuwa, ban yarda da shi ba. Uba ne, ba yaro ba. Ranar da ya gane ƴaƴansa sun yi masa haka, abin zai fi masa ciwon gwiwa zafi. Amma mahaifiyarku tana da haƙƙi a kansa, hawayenta ba banza ba ne, wannan kuma kina iya tuna masa cikin ladabi.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Malam, na ji, kuma ban musa aya ba. Amma ku duba, duk wanda ya yi magana a nan yabon tsohon yake, ba wanda ya ce zai bi shi. Mu nawa ne a zauren nan? In aikin farilla ce a kan jama'a, don me za ta tattaru a kan mutum ɗaya mai hawan jini? Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan. Muna kwance a ɗaki da fanka, dattijo na leƙa rijiya.

Nana Aisha, ma'aikaciyar jinya:
Alhaji, wannan maganar taka ta biyu ta fi ta farko, kuma da ni kake. Na yi horon agajin gaggawa na Croix-Rouge, takardar na cikin akwati, ban taɓa koya wa ko maƙwabciyata ba.

Amma Yaya Rakiya, ni inda hankalina ya tsaya shi ne naman da ya daina ci da shirun nan. Kowa na duba gwiwa da hawan jini, ni wannan ya fi tsorata ni. Wanda ya ɗauki gawar da wuta ta taɓa, warin yana zama masa a hanci kwana da kwanaki, ƙamshin suya ma sai ya tada masa zuciya. Ki lura da barcinsa. Yana firgita? Yana tashi tsakar dare ya zauna waje? Ƙarar faɗuwar kwano tana sa shi zabura? In abin ya wuce wata guda bai sassauta ba, a kai shi ya ga likita, ba hauka ba ne, ciwo ne da ake magani. Kada ku matsa masa da tambaya, kada kuma ku bar shi shi kaɗai gindin itacen nan. Ki kai masa fura ki zauna kusa, ko ba ku ce komai ba. Maganin hawan jinin kuma a sa wani cikin buhun nasa, na tabbata kwana biyun nan bai sha ba.

Rakiya, Ali Ɗan Sofo:
Bai sha ba, a kan taga ya bar shi. Kuma gaskiya ne, jiya ƙarfe uku na dare na leƙo na gan shi zaune a tsakar gida yana jan casbi.

Kaparan Idi mai ritaya, unguwar Zariya a Maradi:
Ɗiyata, jikana ne ke rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Ban san mahaifinki ba ko kuwa na san shi, duk ɗaya ne, ɗan uwana ne. Ni ma na yi arewa kafin sulhun da aka yi da ƴan tawaye ranar 24 ga Afrilu 1995.

Bari in gaya miki abin da ba zai gaya miki ba. Ranar da aka karɓi kakinka aka ba ka takarda, ka dawo unguwa, ba mai tambayarka komai sai labarin yaƙi a fada wajen shan shayi. Abin da ka sani yana ruɓewa a cikinka. Ka san yadda ake karanta sawu, ka san sawun mai gudu da na mai ɗauke da kaya, ka san inda mai rauni yake nufa, inuwa da ruwa. Ka san jinin da ke tsartuwa ba ya jiran mota, a ɗaure sama da ciwon da ƙarfi a rubuta lokacin. Ka san wanda aka harba a ciki ba a ba shi ruwa ko yana roƙo. Duk wannan yana kanka, kana zaune kana jiran kuɗin fansho.

Sannan akwai waɗanda muka baro. Kowane tsohon soja yana da wani da bai samu ɗaukowa ba. Ni nawa yaro ne ɗan Tasawa, shekara talatin ke nan ina ganin fuskarsa. Lokacin da aka kashe sojoji 71 a Inates cikin Disamba 2019, wata guda bayan nan kuma 89 a Cinagodar, kwana nawa na yi ban iya haɗiye tuwo ba, ga ni zaune ba abin da zan iya. Mahaifinki ya samu abin da zai iya. In kuka tsare shi a gida, jikinsa ne kawai zai zauna.

Amma ki ce masa in ji wani kaparan: sarjan ba ya fita shi kaɗai. Ya sani. A soja ko bayan gida za ka cikin daji da na biyunka kake tafiya. Aikin sarjan ya koyar da yara, ba ya shiga rijiya da kansa ba.

Ibro, mai aikin kashe gobara:
Baba Kaparan, na gode. Mu a Maradi mun ga ranakun da hannu ya yi mana kaɗan. Ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramin zinariya ya rufta wajen Ɗan Isa, mutum 18. Washegari gobara ta cinye azuzuwan zana a cikin gari, yara sama da 20 suka rasu. Ranar 30 ga Agusta 2024 ruwan da ya sauka ya kashe aƙalla mutum 15. A duk wuraren nan mutanen unguwa ne suka fara isa kafin kowace mota, kuma haka zai ci gaba da kasancewa, musamman a ƙauye. In mutanen nan sun san abu biyar kacal, da an tsira da rayuka. Ni ranar hutuna Lahadi ce. In Baba zai yarda ya zauna da samari, zan zo, amma a sanar da mai unguwa da hukuma tukuna, kada a ga taron samari da tsohon soja a yi masa wata fassara. Kuma ba maganar makami ko kaɗan.

Nana Aisha, ma'aikaciyar jinya:
Ni ma zan zo, kuma a kira mata. Labarin Malam Sa'adu ya isa hujja.

Alhaji Mamman, Babbar Kasuwa:
Ni ba zan iya gudu cikin gona ba. Amma tocila goma da batir, da igiya bandir guda, da man babur, ku sa a wuyana. Har yanzu dai ina kan bakana, dattijon nan ya daina fitar dare.

Lawali:
A sa sunana. Ina da babur.

Rakiya, Ali Ɗan Sofo:
Na dawo. Bayan magariba na kai masa fura kamar yadda Nana ta ce, na zauna. Na daɗe ban yi magana ba, sannan na karanta masa abin da Malam Sa'adu ya rubuta. Da na zo wajen yarinyar da ta fito da goyo sai ya juya fuskarsa wajen bango. Na karanta masa na Baba Kaparan. Ya ce in maimaita wurin da aka ce sarjan ba ya fita shi kaɗai, na maimaita. Ya yi shiru, can ya ce, "Ya yi gaskiya."

Ya yarda ba zai ƙara kama hanya cikin dare ba. Ya yarda Yaya Sani ya riƙa kai shi, maganinsa kuma na zuba rabi a leda na sa cikin buhun da hannuna. Zancen Lahadi ya ce a bari ya ga mai unguwa gobe. Inna ba ta ce ta yarda ba, ta dai tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon zane ta aje masa kusa da almakashi.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Ya ce ranar Asabar da sassafe zai koma, saboda yaron nan ɗan shekara huɗu. Ya ce akwai wani kwazazzabo yamma da garin da ba su gama bi ba, kuma akwai rugar Fulani gaba da shi da ba a tambaya ba, yaro ƙarami yana iya bin garke. Malam Sa'adu, ya ce ka gaya wa uwar yaron ta shirya, da ita za a tafi.

Sa'adu:
Yanzu zan taka in hwaɗa mata. Tun Talata ba ta shiga ɗaki ba, bakin ƙohwa take kwana.

Ibro, mai aikin kashe gobara:
Tanti, ƙarfe nawa za su tashi? Zan nemi izini wurin aiki, in an ba ni ku biyo ta tashar Madarunfa ku ɗauke ni.

Rakiya, Ali Ɗan Sofo:
Ya ce ana sallame asuba.